Bazawara Ba Ta Sauka da Goshi

A Muncel in mutum ya mutu ba ma cewa ya rasu, sai mu ce Gligor ya hura wuta. Ƙauyen namu a kan dutse yake, can inda akuya ma sai ta tsaya ta yi tunanin rayuwarta kafin ta ƙarasa. Coci da maƙabarta kuwa suna ƙasa cikin kwari, don ƙasar sama ba ta haƙuwa, in ka kafa mata diga tartsatsi kawai za ta ba ka. Saboda haka kowa a garin nan akwai tafiya guda da ke jiransa, direban tafiyar kuma Gligor ne.

Motar tasa ta tururi ce, baƙa ƙirin, mai dogon bututun hayaƙi da tayoyin ƙarfe, na bayan ma sun fi shi tsawo. Bazawara ake ce mata, don ta binne direbobi biyu kafin ta faɗo hannunsa. Giyarta biyu, ta ukun tana aljihun rigarsa cikin 'yar kwalba. Tun zamanin da ake yanka katako a dajin nan aka kawo ta, ta ja gumagumai, ta juya injin sussuka, har ta ja amarya. Gligor yana ɗan saurayi ya fara da faskara mata itace da jido mata ruwa, ba don yana sonta ba, ubansa ne ya gaji da ganin bakinsa yana motsi a kan tuwon masara. Wanda ya koya masa aikin wani mai kunne ɗaya ne, Avram, mutumin da bai taɓa yin bayani da baki ba in dai hannunsa zai kai ƙeyar ɗalibi. Da ma'aikatar katako ta mutu, manya suka raba abin rabawa, ƙanana suka sace abin sacewa. Bazawara ta fi ƙarfin sata. Gligor ya hura mata wuta ya kai ta gida, har yau babu wanda ya zo cigiya.

Abin da baƙo ke fara yi wa dariya shi ne Bazawara ba ta sauka gangare da goshi, da baya take sauka. Tukunyar ruwanta doguwa ce a kwance, murhu yana ta baya. In ta sunkuyar da hanci ruwan duk sai ya gudu gaba, ya bar rufin murhu tsirara a kan wuta, ƙarfe ya yi ja, daga nan kuma sai dai a tattara abin da ya rage na direba a hula. In ta ba gangare baya ruwan yana taruwa inda ake bukatarsa. Sai a ɗaura amalanke a hancinta, a ɗora akwatin gawa, ita tana ƙasa tana tare shi da ƙirji. Ko'ina a ƙasar nan ƙafafu ake sa wa mamaci a gaba. Amma direban farko ya rantse ba zai tuƙa mota ƙafafun gawa na nuna fuskarsa ba, aka juya akwatin, kai ta wajen direba. Tun daga nan matattunmu suke sauka suna kallon gida: rufinsu, garkarsu, kare yana haushi a bakin shinge, har kwana ta ɓoye komai. Mutanen kwari suna mana tsiya wai mu ko mutuwa da baya muke shigarta. Su yi ta yi. Nasu matattun bangon kantin magani suke gani.

Birki tana da shi, katako ne da ake matsawa jikin taya. Gligor ya ce an sa shi ne don hankalin 'yan rakiya ya kwanta. In ka dogara da shi a dogon gangare zai yi zafi, ya yi hayaƙi, ya kama da wuta, ka isa kwari da gasasshiyar gawa. Abin da ke riƙe ta da gaske wata doguwar sandar ƙarfe ce a gefen direba, wadda ke gaya wa injin gaba zai juya ko baya. Kana tafiya da baya, sai ka rage totur ya kusa rufewa, ka ɗan tura sandar wajen gaba, kaɗan, kamar mai taɓa maruru. Sai injin ya shiga jayayya da tayoyin, su suna son gudu shi yana ja musu rai. In ka tura ƙasa da kima ta ƙwace. In ka zarce tayoyin su cije, ta zame, ko wani ƙarfe ya karye a ciki. Tsakanin biyun nan akwai ɗan wuri da bai fi faɗin yatsa ba, a nan Gligor ya yi rayuwarsa kaf.

Mai wannan aiki ba shi da hannun sitiyari, sai da mutum na biyu. Na Gligor matarsa ce, Rafila, gajeriyar mace mai muryar da ke tsinka madara. Kan akwakun katako take hawa, ta waiga baya tana murza sitiyari, tun daga ƙofar gidan makoki har coci suna faɗa.

"Kai jaki, so kake ka kashe matacce sau biyu?"

"Ke dai riƙe abin da aka ba ki. Ni da matata muna magana."

"Matarka ta dafa maka abincin dare, to."

Masu kuka a baya sai su rasa inda za su sa fuska. Akwai kwana ɗaya, Kwanar Ruwa, inda maɓuɓɓuga ke ratsa hanya, dutsen wurin kullum kore yake da santsi, gangaren kuma a nan ya fi tsayuwa. Nan kaɗai faɗan ke tsayawa. Rafila ta ce, "Yanzu, Gligor," shi kuma ya tura sanda.

Da Rafila ta mutu shi ya sauke ta, wani maƙwabci ya riƙe sitiyari. Ba a taɓa saukar gawa a hankali irin ta ranar ba, har tsofaffi masu sanda suna wuce motar. A Kwanar Ruwa babu wanda ya ce komai. Hannunsa ya tafi da kansa.

Daga ranar abu ɗaya ya zauna masa a rai: shi ma Bazawara ce za ta sauke shi, ta hanyar da ta bi da Rafila, yana kallon abin da Rafila ta kalla. Ba aljanna yake roƙo ba, ya ce wannan tsakaninsa ne da Fada, limamin cocinmu, kuma ya san yadda za ta ƙare. Saukar kawai yake so. Ya sa kafinta ya yi masa akwati, ya gwada ya ga ya yi daidai, ya ajiye a soro ya cika shi da wake don kada wuri ya zauna banza. Matsalar ita ce matacce ba ya tura sanda, kuma duk Muncel babu wanda ya iya sai shi. Garin ma ya riga ya zube. Masu ƙarfi sun tafi Sifen da Italiya, wasu tsinkar lemo, wasu wanke tsofaffin wasu. Mu da muka rage a kan katangar shago jiran ranar da motar za ta sauke mu muke yi, ba jiran darasi ba. Ya nemi mai kai wasiƙa, mai kai wasiƙa ya ce yana da ciwon baya. Ya nemi Fada, Fada ya ce aikinsa daga ƙofar coci yake farawa. Hannun Gligor kuma ya fara rawa, har in zai sha miya rabi gemunsa ke sha.

Sai ga jikansa Sorin ya zo hutu da kaka, lokacin da ganye ke zuba. Ƙato ne mai tumbi, direban tirela a Sifen, ya yi aure har ya fara sanƙo. Ya iske kakan a ƙarƙashin mota yana shafa mata mai.

"Tsoho, har yanzu ba ta sake ka ba?"

"Wa nake ji? Au, mai cin abincin gwangwani ne. Me suke ɗura muku a can, siminti?"

"Lafiya ce, Tsoho. Kai ma da ka ci da ka san ta."

"Miƙo mini gwangwanin man nan, in za ka iya sunkuyawa."

Sai da suka ci tuwon masara da cuku da kitsen alade, suka taɓa giya ta uku, sannan Gligor ya faɗi abin da ke bakinsa. Bai iya roƙo ba. Cewa ya yi, wai ya ji direbobin yanzu ƙafa kawai gare su, hannunsu na riƙe waya ne.

Sorin ya gane. Ya kalli hannun tsohon yana rawa a kan tebur, ya ce, "In na sauke ka, me zan samu?"

"Waken da ke cikin akwatin."

"To an gama."

Abin da ya ɓata wa Gligor rai shi ne Sorin ya iya. Mutumin da ya saba sauko da lodi daga duwatsun Sifen ya san birki maƙaryaci ne, ya san injin ake sa wa ya riƙe mota. Sau ɗaya kawai ya yi kuskuren direban dizal: a ɗan gangaren bayan gida ya rufe totur ya zauna jiran injin ya riƙe kansa, Bazawara kuwa ta sake jiki ta nufi kejin kajin Saveta, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su. Saveta ta fito da tsintsiya tana kiran sunayen iyayensu duka biyu. Bayan wannan bai sake ba. Ya gane ita ba ta riƙe kanta, sai an tura mata sanda. Kafin hutun ya yi nisa hannunsa ya gano ɗan wurin nan mai faɗin yatsa. Gligor ya tanadi zagi na wata guda, ya rasa inda zai zuba shi.

"Ka cika gaggawa."

"Tsoho, katantanwa ta wuce mu."

"Ba ka saurarenta. Tana magana."

"Na ji ta. Ta ce ka sauka ka bar mu mu gana."

Tsohon yana murna, wannan ba shakka. Da safe har waƙa aka ji yana yi. Amma duk sanda ya ga hannun wani a kan sandar nan sai nasa ya riƙa buɗewa yana rufewa a aljihu.

Ranar gwaji Gligor ya ce ba wasa za a yi ba, da lodin gaske za a sauka. Aka sauko da akwatin daga soro, da wakensa da komai, aka ɗaure a amalanke, kai ta wajen direba. Duk wanda ke iya tafiya a Muncel ya fito. Saveta ta ce tunda ba ta da tabbacin za ta ga ta gasken, bari ta yi kukanta yau, ta kuwa fara, tana yi tana dariya. An yi yayyafi da safe. Sorin ya ce a bari hanya ta bushe, Gligor ya ce mutuwa ba ta duba sama.

Sorin ya tsaya a wurin direba. Gligor ya ture akwakun Rafila gefe da ƙafa, ya kama sitiyari.

Suka fara sauka. Bazawara tana huci a hankali, tayoyin suna niƙa tsakuwa, hayaƙi yana komawa gari. Aikin Gligor ya waiga baya ya ga hanya, amma kullum sai ya tsinci idonsa a gaba, kan akwatin, da abin da ke bayan akwatin. Ga rufinsa can da ya ce zai gyara tun Rafila na da rai. Ga itacen tuffa. Ashe haka abin yake. Bai taɓa samun sukunin kallo ba, kullum idonsa na kan ruwa da sanda.

"Tsoho, hanya. Ka kalli gidan ran da ka mutu."

"Rufe mini baki."

Ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ya fara zuwa, sun kusa Kwanar Ruwa. Sorin ya riga ya gani, ya riga ya tura sandar daidai inda ya kamata, motar ta riga ta ja numfashi ta rage. Komai daidai yake. Gligor bai ga wannan ba. Shi dai ya ji ƙarar ruwan, ya ji bayan motar ya sunkuya, ya ji wurin da ake cewa yanzu. Ya saki sitiyari. Ya miƙa hannu ta kan kafaɗar jikansa ya danna sandar, hannun nan mai rawa, bai tsaya a faɗin yatsa ba sai da ya kai ta ƙarshe. Gwiwar hannunsa kuma ta bugi totur ya buɗe.

Injin ya yi wata ƙara kamar an shaƙe sa. Tayoyin suka cije a kan koren dutse, Bazawara ta zame a karkace, ba mai riƙe da sitiyari. Sorin ya rufe totur, ya rungumo tsohon da hannu ɗaya ya danne shi a ƙasan motar. Tayar baya ta faɗa lambatu, ta daki dutsen gefen hanya, wani abu ya ce ƙas a cikin cikinta, ƙara guda, ba mai yawa ba. Amalanken ya zo ya daki hancinta. Murfin akwatin ya tashi, wake ya watsu, ya bi ruwa ya gangara kwari.

Ba wanda ya ji ciwo. Akwatin ma ko ƙwarzane bai yi ba. Sorin ya kwashe wutar murhu da shebur kafin tukunya ta lalace, sannan ya leƙa ciki. Babban ƙarfen da ke kai ƙarfin injin zuwa tayoyi ya rabe biyu, kaurinsa ya kai cinyar mutum, ya tafi da haƙoran giya.

'Yan rakiya suka iso suna haki. Mai kai wasiƙa ne ya fara: ai da ma, direban Sifen, an ba shi abin da ya girmi ubansa. Sorin ya share hannu a wando ya ce, "Ni ne. Na zarce da sandar." Suka yi masa ca. Saveta ta ce tun ranar kajinta ta san ba zai yi albarka ba. Gligor yana zaune a kan dutse, ruwa na jiƙa masa wando, yana jin su. Mata suka shiga tsintar wake a gefen zane.

Da suka koma gida, su biyu ɗauke da akwatin, sai Gligor ya ce, "Wa ya sa ka?"

"Ni gobe-jibi na tafi, Tsoho. Zaginsu ba ya tsallaka iyaka."

"Ka iya, ka sani."

"Na sani."

"Ka fi Avram. Ka kusa kai ni."

"Ɗaga ta wajenka, kana bar mini nauyin."

Sorin ya koma Sifen da alkawarin zai nemo ƙarfen. Ya ce akwai wani Bajamushe da ke zuba irinsa. In ya bugo waya Bajamushen yana nan, sai dai ya tafi hutu. Wani bugun an yi masa aiki a ido. Daga baya ya koma wani gari. Gligor ya daina tambaya, Sorin ya daina faɗa, suka koma hirar sanyi da ciwon gwiwa. Hukuma ta turo katafila ta ture Bazawara gefe don hanya ta buɗe, ta bar ta nan a jingine da dutse, hanci sama. Da farko Gligor yana sauka ya shafa mata mai. Da ƙanƙara ta fara zuba ƙafarsa ta daina kai shi. Wasu suka kwance fitilar, wasu suka kwance duk abin da ke da jan ƙarfe. Ni dai ban ce na san su ba.

Tsakiyar sanyi Saveta ta mutu. Babu wanda ya san yadda zai faɗa, sai aka ce ta mutu kawai, kalmar ta yi wani iri a baki. 'Yarta ta bugo daga Italiya ta yi hayar motar gawa daga birni, farar mota rufaffiya mai sarƙa a taya. Direban wani siriri ne mai cin cingam. Ana cikin kuka a ɗaki Gligor ya sa rigarsa ta coci, ya dogara sanda, ya zagaya motar yana dubawa kamar mai saye.

"Samari, kana iya sauka da baya?"

"Da baya? Har kwari? Baba, me na yi maka?"

"To in an zo sa mutum, ana iya sa kansa ta wajenka, ƙafa ta baya?"

"Yadda mai kaya ya ce, Baba. Ko a zaune kake so sai mu zaunar da kai."

Gligor ya leƙa ciki. Babu taga ko ɗaya. Ƙofar baya farin ƙarfe ce, an manna mata takardar lambar waya.

"Wannan zan kalla ke nan."

"Ai ba ka ganin komai lokacin, Baba."

"Ba ka sani ba. In an bar ta a buɗe fa?"

Direban ya daina tauna. Ya ga tsohon ba wasa yake ba. Ya nuna hanya da haɓa ya ce, "A hawan da ke bayan Kwanar Ruwa, kafin gada? Sai dai mu tsince ka a rafi."

Gligor ya dubi hanyar. Ya san kowane dutse a cikinta, ya san hawan, ya san gaskiya aka gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya matsa gefe don masu ɗauke da Saveta su wuce.

Aka tura ta ciki, aka rufe ƙofa, motar ta tashi. Mun saba bin gawa a ƙafa muna taɓa amalanke, sai muka bi ta 'yan taku, ta bar mu tsaye a tsakiyar hanya da furanni a hannu. Masu ƙarfi suka ɗaga ƙafa. Gligor yana baya, yana sa sanda yana jan ƙafa a kan ƙanƙara. Bai kai kwanar farko ba aka ji ƙararrawar coci daga kwari, wai har ta isa.